Ruwan Rijiyar Baba

Kailu ya sayi motarsa tun zamanin soja, a gwanjon tsofaffin motocin gwamnati a Yamai. Ƙirar kat-san-kat ce mai buɗaɗɗen baya, fara, ko dai a ce fara ce a da. Ran da ya iso da ita Filinge bai zarce gida ba, sai da ya bi ta garkar marigayi mahaifinsa a cikin kwari. Ya ja ruwa a rijiyar da tsohon ya gina da hannunsa, ya wanke wa motar goshi, ya cika mata radiyato. Tun daga ranar bai taɓa ba ta wani ruwa ba. Kowace Juma'a da hantsi yakan cika bido biyu, wato jarkoki, a rijiyar ya ɗaure su bayan kujera. Soja suka sauka, aka yi zaɓe, jam'iyyu suka yi ta roƙonsa ya ɗaura musu lasifika, shi dai gero da fasinjan kasuwa yake ɗauka, motar kuma tana shan ruwan Baba.

A shekara ta takwas ta fara zafi. A kan shimfiɗaɗɗiyar hanya lafiya lau, amma da an fara hawan tudu sai allurar zafi ta haye, murfi ya kama huci.

Cikin bazarar nan ne wani mai sayen awaki ya kawo saƙo daga Sanam. Bintu, ƙanwar mahaifiyar Kailu, idonta yana rufewa, ta ce tana so ta ga yayarta tun tana iya rarrabe fuska. Inna Laraba ba ta iya zaman kamyo, babbar motar kaya, saboda bayanta, sai gaban motar ɗanta da matashi biyu. Ga hadari ya fara leƙowa daga gabas kowace la'asar, kuma kowa ya san da ruwa ya sauka koramu za su yanke hanyar sai kaka.

Ran Litinin suka kama hanya. A dogon hawan da ake fita kwari da shi motar ta tafasa, tururi ya rufe gilashi. Kailu ya jira ta huce, ya juye mata bido guda, ya sake gwadawa, ta sake tafasa. Suka juyo. Inna na isa gida ta buɗe ƙofa. Ta sauka, ta mayar da ƙullin tsarabarta ƙarƙashin gado, ba ta kwance shi ba.

Washegari ya kai motar wurin Tahiru makanike, ɗan kawunsa, taubashinsa, wanda garejinsa inuwar wani gao ce da akwatin ƙarfe guda.

"A'a, bawana ya zaka da jakarshi," in ji Tahiru daga ƙarƙashin wata mota. "An ce jiya kun dahwa shayi bisa tudu, ba ku kira ni ba."

"Hito ka yi aiki. Gwaggonka na gida ba ta ko cin abinci."

Tahiru ya fito. Ya kwance buji huɗu, wato fulogi, ya goge su da takarda mai yashi, ya hure karbirato da bakinsa ya tofar, ya wanke matatar iska da esansi, man fetur, ya shanya ta a kan reshe, ya ɗaure bel ɗin fanka har ya daina kuka. Da aka tayar da ita muryarta ta yi daɗi, Kailu ya yi murmushi. Tahiru bai yi ba. Ya shafa radiyato da tafin hannu daga sama zuwa ƙasa, ya kama hannun Kailu ya ɗora.

"Nan wuta, nan sanyi kamar randa. Ruwa ba ya ratsa ta. Ta toshe."

Ya jira injin ya huce, ya buɗe murfi ya zura yatsa, ya fito da wani farin ɓawo mai ƙarfi kamar ƙwanson ƙwai.

"Mi kake ba ta, kunun kanwa?"

"Ruwan rijiyar Baba. Shekara takwas ba ta taɓa kwana da ni daji ba."

Tahiru ya danƙa masa ɓawon a hannu. Taubashi yana iya zagin mutum da motarsa da hularsa, amma ba ya taɓa rijiyar uban mutum. Ya ce sabuwar radiyato sai Yamai, in ma an dace, kuma kafin a aika a kawo sati biyu ne. Dukansu suka ɗaga kai suka dubi gabas.

Da azahar Kailu yana zaune a tsakar gida, ɓawon nan a tafin hannunsa yana juya shi. Matarsa Habsatu tana tace tsamiya a bakin murhu. Ta leƙo.

"Maigida, mu gani. Ai wanga shi na cikin butar shayinka."

"Wace buta?"

"Wadda kake ɗorawa da ruwan bido. Duk wata sai na jiƙa ta da ruwan tsamiya ta kwana, da sahe in ɗauraye, shi hita sarai. Kai ka ɗauka ita ka wanke kanta?"

Inna tana kan tabarma a ƙofar ɗakinta tana jan tasbaha. Ba ta kiran sunan Kailu, ɗan fari ne.

"Mai mota, wane ruwa na cikin bidon?"

"Na rijiyar Baba, Inna. Don albarka."

Inna ta ajiye tasbahar. Kafaɗunta suka fara rawa, sai dariya ta ƙwace mata, irin wadda ba a ji ba tun zuwan saƙon, har da tari.

"Ka taɓa ganin ubanka ya sha ruwan rijiyag ga? Zartsi gare ta. Don shanu yag gina ta, su ka son shi, shi ka sa su ƙiba. Shi da salkarshi yake zuwa garka, ni ka cika mishi ita nan gida."

Kailu ya tuna salkar, rataye a reshen magarya. Yana yaro kullum yana ganinta, bai taɓa tambaya ba. Ya daɗe yana kallon ɓawon.

"Habsatu, tsamiya nawa gare ki?"

"Ta kununa ta damina duka? Ɗauki. Amma in ta yi, gaba zan zauna ran kasuwa."

Suka jiƙa curi shida a babbar tukunya, Habsatu ta tace sau uku da tsohon kallabi don kada ƙwallo ko zare ya shiga. Tahiru ya zo da kansa, yana cewa shi dai tun da ya koyi aiki bai taɓa ganin an yi wa mota kunu ba, saura a ƙara mata sukari. Amma shi ya kwance tiyon ƙasa ya zubar da tsohon ruwa, shi ya ɗura tsamiyar, ya ce a bar injin ya yi ɗumi sannan a kashe. Da safe ya buɗe tiyo, ruwa ya fito kamar dawo da aka dama, da gutsattsarin fari a ciki. Suka maimaita. A kwana na biyu ya ɗauraye ta sau huɗu da ruwan famfon gari, don kada tsami ya ci ƙarfe, ya toshe wani ɗan yoyo da dalma. Ya shafa radiyato sama da ƙasa, ya kama hannun Kailu ya ɗora. Ɗumi ɗaya ne ko'ina.

Ran Juma'a bayan an sauko masallaci suka tashi, Inna a gaba da matasanta biyu da ƙullinta a cinya, Tahiru a baya bisa buhu, wai ya zo ya ga abin kunya da idonsa. Inda yashi ya fara zurfi ya sauka ya rage wa tayoyi iska. Gabas ta yi baƙi, iska mai ƙanshin ƙasa tana kaɗa rawaninsa.

A gindin hawan Kailu ya sa giya ta biyu, ya yi bisimilla. Idonsa ɗaya a hanya ɗaya a kan allura. Allurar ta matsa ta kai tsakiya. Suka wuce inda suka tsaya ran Litinin, ga ma alamar ruwan da ya zube. Allurar ta ƙara gaba kaɗan, ta tsaya nan. Tahiru ya fara dukan rufin mota yana ihu, "Hau, jaka! Hau, mai shan kunu!" Ba su ankara ba sai ga sarari, gonaki an share suna jiran shuka.

Inna ta ce, "Daɗa rage gudu, bayana."

Sun shiga Sanam rana tana ja. Wata tsohuwa tana zaune a kan turmi a ƙofar gida, ta kare ido da hannu tana duban inda ƙarar take fitowa. Kailu ya zagayo ya buɗe wa Inna ƙofa. Inna ta taka a hankali har ta tsaya dab da ita, ta sunkuya. Bintu ta kama fuskarta da hannu biyu ta juya ta wajen haske, ta daɗe tana dubawa.

"Yaya, kin tsuhwa."

"Ke kin gani kenan."

Kailu da Tahiru suka koma wajen mota suka ba su wuri. Yayyafi ya fara sauka a kan bonet ɗis-ɗis. Tahiru ya kwance bido ɗaya da babu komai ciki, ya miƙa masa, ya nuna indararon kwanon gidan da haɓa.

"Tara mata wanga. Na rijiya ka bar ma shanu."

Kailu ya karɓa ya je ya ajiye shi a ƙarƙashin indararon.