Turbar Baba

Lokacin da kamfanin fasa dutse ya karɓi gonarmu, sai da suka kankare baƙar ƙasar sama suka tara ta gefe kamar tsauni. Sun ce in sun gama haƙa za su cike ramin su mayar da ita. Baba bai ga ranar ba, ya rasu muna gidan haya.

Bana suka cike ramin da tsakuwa da jar ƙasa, katafila ta baje baƙar a kai. Inna ta ce in gonar ta ƙi shuka, gidan Kawu za mu koma mu zauna a ɗakin ajiya. Ni ko zancen ba na so.

Wani mai awon ƙasa ya zo duba gonar da ƙaramin shebur. Ya jiƙa ƙasar a tafin hannu, ya mulmula, ta haɗu, ya matsa ta warware. Ya sansana, ya nuna mana tana guda biyu suna motsi.

"Mama, tana da rai," ya ce. "Ba gishiri, ruwa ma zai ratsa. Ko muciya kika binne sai ta yi ganye."

Inna ba ta yi dariya ba.

Bayan ruwan farko ciyawa ta rufe ko'ina, ban da wani siririn layi. Ya taso daga bakin gona, ya yi kwana a tsakiya, ya tsaya a inda bishiyar da Baba ke hutawa a ƙarƙashinta take a da. Ko tsinke bai fito a kansa ba.

Muka kira mai awon. Ya soka shebur, shebur ya ƙi shiga.

"Tayar katafila ce ta danne wurin," ya ce.

"Taya mai faɗin ƙafa ɗaya?" in ji Inna. "Kuma me ta kewaye a tsakiya?"

Na san abin da ta kewaye. Suri ne a wurin a da, Baba kullum sai ya zagaye shi. Surin ya tafi tare da dutsen, ƙasar kuma an cakuɗa ta a tsibi shekaru da yawa.

Mai awon ya goge shebur ɗinsa, ya ce mu farfasa wurin mu zuba taki. Ya tafi bai sha ruwan da na kawo masa ba.

Inna ta ɗaura zane. "Ƙasarmu ce suka dawo da ita. Auta, ɗauko iri. Turbar kuma a bar wa mai ita."

Shuka ta fito kore shar, ba wanda ya ƙara ambaton ɗakin ajiyar Kawu.

Jiya na yi noma gefen yamma, na gaji, na bar kunya ɗaya da ciyawa. Baba ya tsani haka, yakan bi bayana ya gyara. Da safen nan na tarar turbar ta yi sabon reshe, busasshe, har bakin kunyar. Ciyawar na kwance a gefe, an karkaɗe ƙasar jikin saiwarta, an jera ta kai ɗaya.