Bencin Laraba

"Cire farin nan, saka nawa," na ce da Afra'u. "Babu mai kallon ki sau biyu a cikinsa. Ni shekara uku ina sa shi, ko ɗan acaɓa ba ya tsaya mini sai na ɗaga hannu."

Ta karɓi hijabin da yatsu biyu. Ruwan ƙasa ne, gefensa duk ɗigon man awara.

Katanga ɗaya ce ta raba gidanmu da nasu a Rano. Ni a aji huɗu na firamare na tsaya, sauran karatun a jikin jaridar da nake naɗe awara na ƙarasa shi, a bakin ƙofar asibiti. Ita kuwa 'yar Malam Dalhatu ce, shekararta sha shida, ba ta taɓa zuwa ta biyu ba. Malam ya sa wa takardun sakamakonta gilashi ya jera a zaure. Ko hanya ka zo tambaya, sai ka karanta su kafin a nuna maka.

Abin da ba a rataye a zaure ba, ni nake gani ta kan katanga. In biro ya yi ɗigo a shafi, sai ta yage ta faro daga farko. Tuwo ya huce a gabanta ta mayar. Ranar da ta ci casa'in da takwas a lissafi, bayan ɗakin girkinmu ta zo ta yi kukan biyun da suka rage.

"Lubabatu, ƙirjina kamar an ɗora turmi," ta ce. "Ko salla nake, lissafin abin da na ɓata nake yi."

Duk Laraba likitan ƙwaƙwalwa yana zuwa daga Kano. Masu ganinsa a benci ɗaya suke zama, ƙarƙashin darbejiya, kuma duk wanda ya zauna a kai, kafin la'asar labarinsa ya isa har garin Rurum. Shi ya sa na yanki kati da sunana. Ni ko an ce na taɓu, ba abin da zai faɗo daga bangon zaurenmu.

Muka tafi da hantsi, ita da hijabina, ni da farantin awara. Har mun shige ƙofa. Ta hango bencin: wani tsoho yana ta gyara hularsa, wata mata ta riƙe hannun ɗanta. Akwai wuri a ƙarshe, daidai mutum ɗaya. Ta tsaya.

"Me zan ce masa?"

"Abin da kika ce mini."

"Ban tsara shi ba."

"Ba jarrabawa ba ce, Afra'u. Ba ya ba da maki."

Ta yi ɗan murmushi, idonta na kan bencin. "Bari in ɗan warware tukuna. Kar ya gan ni a haka."

"Ai a hakan ake zuwa."

"Laraba mai zuwa, Yaya. Wallahi." Ba ta cika ce mini Yaya ba. Ta juya, na bi ta da kallo har ta sha kwana.

Da yamma na tari Malam a ƙofar gida, na durƙusa na gaya masa. Ya cire tabarau ya goge, ya mayar.

"Yarinyar da take ta ɗaya a duk makarantarsu ce za ta zauna a bencin nan? Ke a wace jami'a kika karanta likitanci?"

"A bakin asibiti, Malam."

"Gajiyar karatu ce. Je ki."

Mahaifiyarta, Inna Huseina, ta karɓo rubutu. Afra'u ta sha, ta yi godiya, ta ce ta ji sauƙi. Kowa ya ji daɗi. Da ranar Laraba ta zo, Afra'u ta ce suna da gwaji a makaranta. Ta gaba ta ce bita suke yi.

Zazzaɓi ya kama ta ana tsakiyar jarrabawa. Kwana tara tana ɓoye shi, a jikin da dama ba abinci a cikinsa. A rana ta goma ta faɗi a tsakar gida da biro a hannu. Aka sa ta a mota za a kai ta Kano, ba su kai Bunkure ba.

A zaman makoki ina jiyo Malam daga zaure yana gaya wa mutane, "Ko sau ɗaya ba ta taɓa cewa wayyo ba." Suna ta cewa Allah sarki, yarinya mai haƙuri. Muryarsa ta karye a karo na uku, bai sake faɗa ba.

Bayan sadakar bakwai Inna Huseina ta miƙo mini leda ta kan katanga.

"A ƙarƙashin matashinta na gani. Naki ne ko?"

Hijabina ne. An wanke shi, an goge, ɗigon man nan duk ya fita, har yagar da ke wuyan an ɗinke ta da ƙananan ɗinki a jere. Katin asibitin yana tsakiya, ko lanƙwasa babu.

Ban sa shi ba har yau. Ran Laraba ina ajiye farantina inda nake hango darbejiyar. Mutane suna zuwa su zauna, su matsa, a kira su ɗaya bayan ɗaya. Wani lokaci iska ta kaɗo ganye ya sauka a ƙarshen bencin, ya daɗe a wurin kafin wani ya share ya zauna.