Wanda Ya Fito da Rai

Da hantsi waya ta shigo ofishin agajin gaggawa da ke kusa da Ƙofar Ƙaura. Hajiya Rahama, mai tura motocin asibiti, ita ta ɗauka. Malam Garba ne, shugaban masu nutso da aka ɗauko su share bakin bututu a wani dam bayan gari. Ko gaisuwa bai tsaya yi ba.

"Hajiya, mutum biyu suka shiga da tukunyar iska a baya. Isiyaku ba ya numfashi. Dabo ne ya jawo shi sama."

"Ku yi ta danna ƙirjinsa har mota ta iso. Shi Dabon fa?"

"Ga shi a tsaye, lafiya lau. Kafaɗa kawai yake cewa tana ciwo."

Rahama ta taɓa yin kwas a kan haɗarin nutso. Ta san wanda ya taso daga ƙasan ruwa a guje, iska kan yi kumfa a jininsa, sai daga baya ta kayar da shi.

"Ku kwantar da shi yanzu. Kada kowa ya sake shiga ruwan. Tukwanen nan kuma a rufe bakinsu, a ajiye wa 'yan sanda."

Mota biyu ta tura, ɗaya da iskar oksijin. Sannan ta kira Dakta Mahmud a asibiti ta ce ya tanadi gado.

Ko da motocin suka isa, Isiyaku ya cika. Dabo ya kafe sai ya bi gawar abokinsa gida, unguwar Gobarau. Rahama ta sa aka miƙa masa waya.

"Malam Dabo, ka yi masa iya abin da ɗan Adam zai yi. Yanzu ka shiga mota, ka bar mini sauran."

Ya shiga. Kafin su kai gari ƙafarsa ta dama ta mutu. Dakta Mahmud ya ɗora shi a kan oksijin, da yamma Dabo ya fara motsa yatsun ƙafar.

Dangin Isiyaku suna son a yi jana'iza bayan la'asar. Rahama ta haɗa likita da ɗan sanda suka duba gawar tare, aka sallami gawar a kan lokaci.

Da aka gwada tukwanen, sai aka tarar hayaƙin janareto ya shiga iskar tun a injin da ake cika su da shi. Sauran masu nutson duk daga injin nan aka cika nasu. Garba da kansa ya kwance injin ya kai caji ofis.