Ungozoma a Lamba Biyu

Ranar Juma'a da ƙarfe goma na safe sakamakon jarrabawa ya fito. Tun daga lokacin Enda Mulhern bai ƙara cin abincin kirki ba.

Maki ɗari biyar da casa'in. Ya duba wayar, ya kife ta a kan teburin kicin, ya sake ɗagawa. Lambar ba ta canja ba.

Mahaifinsa, Malachy, yana tsaye a bakin ƙofa cikin takalman roba, taɓo har gwiwa. Mutum ne da ko ranar auren 'yarsa ba a ga haƙoransa ba. Yau sai ga su duka a waje.

"Bara a nawa aka yanke na likitan dabbobi?"

"Ɗari biyar da tamanin da tara."

"Da guda ɗaya ka haye ke nan." Ya cire hula ya sosa ƙeya. "Breda, kin ji? Da guda ɗaya. To ai hayewa hayewa ce."

Mahaifiyarsa ta riga ta fara hawaye a gaban tukunyar shayi. Enda ya yi murmushi saboda ana kallonsa.

Laifin nasa ne, ba na kowa ba. Tun a watan Janairu malamar da ke ba su shawara, Mis Tierney, ta ɗaga fom ɗin shiga jami'a a gaban aji. Gurbi goma ne, daga sama zuwa ƙasa. Ta ce, "Ku jera su yadda zuciyarku take so, ba yadda kuke zaton za ku ci ba. Na'ura ce take rabawa, ba ta san kara ba. Daga sama take farawa. Inda makinku ya fara isa, nan za ta tsaya, ta share duk abin da ke ƙasa." Sau biyu ta faɗa. Enda yana kujerar baya, ya ji sarai.

Amma ranar Lahadin da ya zauna cike fom ɗin, Malachy yana tsaye a kansa da kofin shayi, yana numfashi a ƙeyarsa. Shekara uku Enda yana ɓoye abin da yake so. Karatun ungozoma yake so, a jami'ar Galway. A gaban wannan mutum, a kan wannan tebur, ya kasa rubuta shi a sama. Sai ya yi dabara. A jarrabawar gwaji ɗari huɗu da tamanin ya ci, likitan dabbobi kuwa sai wanda ya kusa ɗari shida. Ya sa likitan dabbobi na Dublin a lamba ɗaya don idon mahaifinsa. Da tsohon ya fita duba tumaki, ya sa ungozoma a lamba biyu, aikin jinya a lamba uku da huɗu. Na'urar za ta taɓa na ɗaya ta ga bai kai ba, ta sauko. Shi kuma ya ɗaga kafaɗa ya ce, abin da suka ba ni ke nan, Dadi, ya zan yi.

Daga nan sai tsoro ya kama shi, kada na biyun ma ya kuɓuce. Ya duƙufa. Wata biyar bai buga ƙwallo ba. Har zuwa ɗaya ga Yuli, ƙarfe biyar na yamma, ƙofa a buɗe take ga mai son sauya jerin. Ya buɗe shafin ranar, ya tuna yadda takardar kimiyya ta ba shi wuya, ya ce ai babu halin ya kai na ɗaya, ya rufe. Garin gudun faɗuwa ya yi tsallen da ya wuce gona da iri.

Sai Laraba da ƙarfe biyu za a raba gurabe. Kwana biyar.

Ranar Lahadi, da aka fito daga coci, maza suka tsaya jikin katanga kamar kullum, ana yayyafi, kowa hannu a aljihu. Packie Durkan, maƙwabcinsu mai shanu, ya hango shi.

"Ga Dokta nan. Dokta, saniyata tana tari tun Talata, a duba min kafin girma ya hau kai."

Aka yi dariya. Malachy ya ce, "Bari ya fara zuwa Dublin tukuna, Packie."

"Dublin. Allah ya raya. Shekara talatin muna jiran likitan da zai taso daga garin Ballina, kafin ya iso dabba ta sheƙa. Yanzu sai in leƙa ta kan shinge in yi fito." Ya juya wajen sauran. "Ba kamar ɗan Ruane ba. Kun ji inda ya ƙare? Nas. Ƙato guda, kafaɗa kamar ƙofar sito, yana yawo da fo a asibiti."

"Aiki ne dai," in ji wani.

"Aiki ne mana. Ita ma matata aiki take yi."

Malachy ya yi dariya tare da su, ba mai yawa ba, amma ya yi. Enda ya ji ta har cikin ƙashinsa. Ya kalli takalmansa. In nas ya sha wannan, me za a ce da ungozoma?

Litinin da safe ya hau bayan sito, inda waya take kamawa, ya kira ofishin da ke raba gurabe. Wata mata mai sanyin murya ta saurare shi har ya gama. Ta ce ta fahimta. Ta ce jerin yana nan yadda ya bar shi ɗaya ga Yuli, babu mai iya taɓawa. In an ba shi na ɗaya, na ƙasa sun tafi, ko ya karɓa ko bai karɓa ba. Ta ce baɗi yana iya sake nema da makinsa na bana. Ta taya shi murna.

Abu ɗaya ya rage: makin da za a yanke na likitan dabbobi bana ya haura nasa. Ya tsinci kansa yana roƙon Allah ya sa 'ya'yan wasu mutane, a Cork ko a Kildare, sun fi shi ƙoƙari.

Talata yayarsa Dervla ta zo da 'yarta Orla. Ta same shi a sito yana kwance igiyar da ba ta buƙatar kwancewa.

"Mami ta ce ba ka cin abinci. Ta ce murna ce. Ni na san murna, ba haka fuskarta take ba. Wa ka yi wa ciki?"

"Dervla."

"To mene ne?"

Ya gaya mata. A tsaye, a taƙaice, bai kalle ta ba. Ta zauna a kan damin ciyawa.

"Ungozoma," ta ce. "Saboda hanyar Castlebar?"

Ita ta san ranar fiye da shi. Yana ɗan shekara goma sha biyar, mijinta yana aiki a Ingila, Malachy yana kasuwar dabbobi. Naƙuda ta zo mata mako uku kafin lokaci. Mami ce ke tuƙi zuwa asibitin Castlebar, ta tsaya a gefen hanya, ta kasa ko buɗe ƙofar baya. Enda ne ya shiga, waya a maƙale a kafaɗa, muryar wata ungozoma tana gaya masa inda zai sa hannu da inda ba zai sa ba. Cibiya ta naɗe wuyan jaririyar. Muryar ta ce, sa yatsa ɗaya, zare ta kan kai, a hankali, kana yi daidai. Ya zare. Orla ta yi kuka. A gida abin ya zama labarin dariya, wai Enda ya jawo ta kamar ɗan tunkiya. Shi bai taɓa jin ya san amfanin hannuwansa ba kamar a minti goman nan.

"Kai wawa ne," in ji Dervla, a hankali. "Wawa mai maki ɗari biyar da casa'in. Ka yi wa na'ura ƙarya kana zaton za ta rufa maka asiri."

"Na sani."

"Mami ta gayyaci rabin ƙauye gobe da yamma. Ta toya kek biyu."

"Na gani."

"Sai ka gaya wa Dadi."

"Ke ki gaya masa. Yana jin maganarki."

"A'a, ɗan ƙanena. Ni na yi tawa naƙudar a bayan mota. Wannan taka ce." Ta miƙe ta kakkaɓe siket. "Ƙila ma makin ya hau, ka sha da ƙyar."

"In ya hau, shi ke nan, ba sai ya sani ba."

Ta dube shi har ya sunkuyar da kai.

Laraba Malachy ya ce ba za a zauna ana kallon agogo ba, akwai tumaki saba'in da ke jiran maganin tsutsa. Tun sha biyu suke cikin shinge a kan tudu. Enda yana kama tunkiya ya matse ta da gwiwa ya ɗaga haɓarta, tsohon yana ɗura maganin ya shafa mata shuɗin fenti a gadon baya. Iska tana tasowa daga teku da ɗanshi, amma rigar Enda ta jiƙe da gumi. Sau biyu tunkiya ta kuɓuce masa.

"Yau hannunka man shanu ne?"

"Santsi take yi."

"Santsi." Malachy ya duba agogonsa. Shi ma yana dubawa tun ɗazu, a ɓoye. "Biyu ta yi. Je ka bakin ƙyaure, can take kamawa."

Taku ashirin ne zuwa ƙyauren. Enda ya goge hannu a wando ya ciro wayar. Yatsansa ya yi kuskuren lambar sirri, ya sake. Shafin ya yi fari, ya daɗe a haka. Bai ji tahowar mahaifinsa ba sai da numfashi ya sauka a wuyansa.

Shafin ya buɗe. Likitan dabbobi, Dublin. An yanke a ɗari biyar da tamanin da tara, kamar bara. A ƙasa akwai ɗan koren akwati da aka rubuta a karɓa.

Ya ja shafin ƙasa, ko da ya san babu komai. Babu lamba biyu. Babu uku, babu huɗu.

Malachy ya sauke wani dogon numfashi. Ya ɗora hannu a kafaɗar ɗansa, abin da bai yi ba tun Enda yana firamare. Hannun yana da nauyi, yana warin magani.

"Danna," ya ce. Muryarsa ta dushe. "Danna in gani da idona."

Enda ya kalli koren akwatin. Dannawa ɗaya ce. Shekara biyar a Dublin, sannan shekara arba'in a sitocin gundumarsu ta Mayo, kowa yana gaishe shi. Babu wanda zai taɓa sani sai Dervla.

"Ba zan karɓa ba, Dadi."

Hannun bai motsa ba.

"Me ka ce?"

"Don kai na sa shi a sama. Na zaci ba zan kai ba. Abin da nake so yana lamba biyu."

"Mene ne a lamba biyu?"

Ya turo kalmar da ƙarfi, ta fito ƙasa-ƙasa.

"Ungozoma."

Sai a lokacin hannun ya sauka. Malachy ya ja baya taku ɗaya. Bai yi ihu ba, da ma ba mai ihu ba ne, kuma Enda ya fi tsoron shirun. Tsohon ya kalli gangaren tudu, inda gidan yake, hayaƙi yana tashi daga kicin. Motar Packie Durkan tana wucewa a hanya, ya danna musu ham. Babu wanda ya ɗaga hannu.

"Wata bakwai," in ji Malachy. "Wata bakwai ina faɗa wa mutane a kasuwa. Kana zaune a teburina kana kallona."

"E."

"Ba ungozomar ce ta dame ni yanzu ba. Wannan zan zo kanta." Ya juyo ya dube shi. "Tsorona kake ji har haka?"

Enda ya so ya ce a'a. Ya gaji da ƙarya.

"E."

Wani abu ya gilma a fuskar tsohon, ya yi saurin juya ta ga iska. Ya daɗe yana gyara hular da take zaune daidai.

"To yanzu sun ba ka ita, ungozomar?"

"Ta tafi. Sai baɗi in sake nema."

"Babu Dublin, babu ɗayan."

"Babu."

"Shekara guda ke nan a gidan nan. Da ni. Da Packie Durkan kowace Lahadi."

"Na sani."

"Ba ka sani ba tukuna." Malachy ya juya ya nufi shingen. Bayan 'yan taku ya tsaya, bai waiwayo ba. "Da bakinka za ka gaya wa uwarka, kafin mutane su fara zuwa. Ba zan taya ka ba."

"To."

"Saura ashirin da shida. Zo ka kama."

Enda ya kashe wayar ya sa a aljihu. Ya tsallaka shingen, ya kama tunkiyar da ta fi kusa, ya ɗaga haɓarta. Mahaifinsa ya matso da maganin, idonsa a kan bakin dabbar, bai ɗago ba.