Fim Ɗin Da Kawu Ya Ba Taurari Biyar

Ranar Laraba kwana uku ke nan Tattabara tana ƙin sakin uwarta a ƙofar makaranta.

Uwar ta san kukan shagwaɓa, ta san na yunwa, ta san na barci. Wannan daban ne. Yarinyar ta ƙanƙame mata ƙafa da hannu biyu, takalminta ɗaya ya fita ba ta ma sani ba. 'Yar shekara huɗu da rabi, wadda babanta ya laƙaba wa Tattabara saboda yadda take tafiya tana gyaɗa kai, wadda a da in ta hango ƙawayenta ko waigowa ba ta yi.

Malamar ajin ta durƙusa ta gwada lallashi, ta gwada alewa, ta gaji ta miƙe.

"Maman Tattabara, wani abu ya faru a gida ne?"

"Ba a gida ba, Malama. A sinima."

Lahadin da ta wuce ne. Baban yarinyar direban babbar mota ne, yana kan hanya sati biyu, uwar ta ga yarinyar ta yi sanyi, ta ce bari ta fitar da ita ta sha iska. Ba mace ba ce mai kai 'yarta wuri da ka. Ko sabulun wanka sai ta karanta bayan kwalinsa. Sai ta buɗe waya ta nemo bidiyon ƙanenta Auta, wanda aikinsa ke nan, sharhin sababbin finafinai, har masu binsa suna ce masa Alƙalin Sinima. Ga shi nan yana washe baki a gaban fosta mai balan-balan: "Jama'a, wannan na iyali ne! Ku ɗebi yara ku zo, dariya har ciki ya yi ciwo. Taurari biyar!"

Farkon fim ɗin kam an yi dariya. Wata akuya ta shiga motar haya ta ƙi fita. Daga nan matar da ke cikin fim ɗin ta kai 'yarta tashar jirgin ƙasa, ta zaunar da ita a benci, ta gyara mata hula, ta ce, "Zauna nan, yanzu zan dawo." Jirgi ya zo ya tafi. Wani ya zo ya tafi. Aka share tasha, aka kashe fitilu, yarinya tana kan benci. Tattabara ta saki guggurunta ta fara ihu, uwar ta sungume ta suka fito.

Tun daga ranar, ko banɗaki uwar za ta shiga sai an bar ƙofa a buɗe. Tambaya ɗaya kuma safe da yamma: "Mama, mamarta ta dawo?"

"Ban sani ba, ba mu ga ƙarshe ba."

Ba ta yi wa yarinyar ƙarya. Ko allura za a yi mata takan ce, "Da zafi, amma kaɗan."

Larabar nan ma haka ta ɗauki takalmin, ta saɓa 'yarta suka wuce kantin maganin da take aiki. Ta zaunar da ita a kan kwali bayan teburin sayar da magani, tsakanin kwalaben maganin tari da na'urar awon jini. Mai kantin, dattijo ne mai tabarau, ya dubi agogo, ya dubi yarinyar da ke miƙa hannu wajen wata kwalba mai jan murfi.

"'Yata, kin san ina ganin mutuncinki. Amma nan ba wurin yara ba ne, ke ma shaida ce. Zuwa Litinin ki zo ke kaɗai, ƙarfe takwas. In ba zai yiwu ba, dole na nemo mai riƙe mini aikin safe."

Ba ta ga laifinsa ba. Da ita ce shi, abin da za ta faɗa ke nan. Wanda take gani da laifi yana can yana tara masu kallo.

Asabar da hantsi ta buga ƙofar Auta. Ɗakin nasa kamar kullum: kwalayen ƙwai a manne a bango wai don sauti, fitila mai zobe a kan sanda, riguna uku masu guga a rataye, duk sauran kayan a ƙasa inda kyamara ba ta gani.

"A'a, Yaya! Manyan baƙi. Tattabara, zo ki gai da Kawu."

Tattabara ta ɓuya bayan uwarta.

"Ba gaisuwa ta kawo mu ba. Fim ɗin nan da ka ce a ɗebi yara, yaya ya ƙare?"

"Wanne? Mai akuya? Kai, ai akuyar nan ta kashe ni da dariya!"

"Ban tambaye ka akuya ba. Matar da ta bar 'yarta a tasha, ta dawo ko ba ta dawo ba?"

Auta ya sosa ƙeya. "Tasha?"

Ta tsaya tana dubansa. Tun yana rarrafe ta san wannan fuskar, ita yake yi in ya fasa abu ya tura ƙarƙashin gado.

"Auta. Ka kalli fim ɗin nan?"

"Na kalla mana. Wato... na kalli inda ya kamata."

"Ina ne inda ya kamata?"

"Yaya, ba ki san harkar ba ne. Ranar da fim ya fito, wanda ya fara ɗora sharhi shi ake kallo. In na zauna awa biyu, kafin na fito mutum goma sun riga ni. Minti ashirin ya isa ka gane inda fim ya dosa. Rannan ma guda uku suka fito rana ɗaya, ya zan yi?"

"Minti ashirin."

"Wani lokaci har ashirin da biyar."

Uwar ta jawo Tattabara gabanta. Ta rufe kunnuwan 'yarta da tafin hannu, don ba ta son ta ji ana yi wa kawunta faɗa.

"Ni a kanti, in mutum ya kawo takardar likita, sai na karanta rabi na miƙa masa magani na ce taurari biyar? Kai ka buɗe baki ka ce wa iyaye su ɗebi yara! Ka san iyaye nawa suka ji maganarka? Kwana shida yarinyar nan ba ta sake ni ba. Makaranta ta gagara, aikina yana lilo, kai kana nan kana gugar riga!"

"Wallahi fostar ce ta ruɗe ni, Yaya. Balan-balan ne fa a jiki."

"Fosta na tambaya ko ƙanena? Da fosta zan bi, me zan yi da kai? Sa takalminka."

"Ina za mu?"

"Za ka je ka ƙarasa aikinka."

Ana nuna fim ɗin ƙarfe ɗaya. A wajen yankar tikiti ta tambayi matar da ke bayan gilashi me ya sa ba su rubuta cewa ba na yara ba ne. Matar, ba ta ko ɗago kai ba, ta nuna kusurwar fosta da biro. Sai da uwar ta sunkuya ta ga wata lamba ƙarama kamar ƙwayar magani, rabinta a ƙarƙashin igiyar balan-balan.

"Wannan ce sanarwar? Ko kwanan watan lalacewar magani ya fi wannan girma! Ranar da na zo da yarinya a hannu, bakinki ciwo yake yi?"

"Ni tikiti nake sayarwa, baiwar Allah."

Ta haɗiye sauran maganar. Ta tura Auta ciki, ta karɓe wayarsa ta jefa a jaka, ta jawo kujera ta dasa daidai ƙofar fita. Nan suka zauna ita da Tattabara, suna zanen gida da mota a bayan wata takarda. Bayan kamar rabin awa ƙofar ta ɗan buɗe, kan Auta ya leƙo.

"Banɗaki zan je."

"Riƙe shi."

Kan ya koma.

Da aka tashi, shi ne na ƙarshen fitowa. Alƙalin Sinima, idanu jajur, yana share hanci da hannun rigarsa mai guga. Ya matso kusa da kunnenta.

"Ba ta dawo ba, Yaya. Har aka gama. Wani mai shara a tashar ne ya rene ta, ta girma tana zuwa bencin nan kullum. Fim ne mai kyau wallahi, ya taɓa ni. Amma ko ni da na san haka ne..." Ya dubi Tattabara, ya ƙara rage murya. "Mu ce mata ta dawo kawai. Ta dawo da tsaraba, an rungume juna, shi ke nan."

Uwar ta dubi Tattabara. Ba ƙaramin kwaɗayin wannan ƙaryar ta ji ba. Kalma biyu, yarinya ta yi barci, Litinin kowa ya kama gabansa. Amma ta san 'yarta. Ana cewa ta dawo, za ta ce a kai ta ta gani. In an ƙi, ta gane. Kuma ranar da ta gane Mama tana faɗin abin da ba haka ba, da wane baki za a ce mata "zan zo ɗaukarki" a ƙofar makaranta?

Tattabara ta riga ta ɗago kai daga zanenta. "Kawu, mamarta ta dawo?"

Auta ya buɗe baki, yayarsa ta take masa ƙafa. Ta ɗora yarinyar a cinya ta juyo da fuskarta.

"Kawu ya gani har ƙarshe. Ba ta dawo ba."

Yarinyar ta sunkuyar da kai, uwar ta ɗago mata haɓa ta ci gaba.

"Abin da matar nan ta yi ba daidai ba ne, kuma ni ma na ji haushinta. Amma labari ne wani ya zauna ya shirya, na manya, bai kamata a kai ki ba. Laifina ne da na Kawu. Wani mutumin kirki ya kula da yarinyar, ba ta kwana da yunwa ba. Ita waccan 'yanzu' kawai ta ce, ba ta faɗi ainihin lokacin da za ta dawo ba, ko? Ni kullum zan faɗa miki. Sai ki duba ki ga ko na cika."

Tattabara ta yi kuka sosai, uwar ta bar ta ta yi. Da ta lafa, uwar ta nuna mata wani ginshiƙi a tsakiyar zauren.

"Zan je bayan wancan. Ki riƙe hannun Kawu ki ƙirga biyar."

A karo na farko ko biyu ba a kai ba yarinyar ta biyo ta da gudu. A na uku aka kai biyar. Suka koma goma, Auta yana taya ƙirga, mai tikiti tana leƙensu ta gilashi. Washegari Lahadi suka ci gaba a gida: ta je wajen maƙwabciya, ta je shagon bakin titi, kowace tafiya sai ta nuna wa yarinyar inda dogon hannun agogo zai kai, kuma ko da gudu ne sai ta riga shi. A tsakani ta tsaya a kan Auta ya goge tsohon bidiyonsa, ya yi sabo ya faɗa da bakinsa cewa bai kalli fim ɗin ba ya yi magana. Sau huɗu tana sa shi ya sake, don yana cewa "an ɗan samu kuskure".

"Ba a samu ba. Kai ka yi."

Litinin ƙarfe bakwai da rabi suna ƙofar makaranta su uku. Uwar ta durƙusa.

"In an buga ƙararrawar tashi, ina nan wurin. Ba yanzu ba, sai an buga."

Tattabara ta riƙe mata mayafi. Ta dubi Malama, ta dubi aji, ta dubi titi. Hannun bai saki ba. Uwar tana jin agogon hannunta kamar yana cizon ta, amma ba ta duba ba.

"To Kawu ya zauna a can," yarinyar ta nuna dakalin mai gadi, wanda ake hangowa ta tagar ajinsu. "Har ki zo."

"Ni? Tattabara, yau akwai sabon fim ƙarfe goma..."

Yayarsa ta juyo ta dube shi kawai.

"Har a tashi?" ya tambaya a hankali.

"Awa biyar ne. Kuma ba a fita a tsakiya."

Auta ya je ya gai da mai gadi, ya share dakali ya zauna. Yarinyar ta saki mayafin, ta shiga tana waige, sau ɗaya ga uwarta, sau ɗaya ga kawunta. Uwar ta jira har ta ga ƙaramar fuskar ta bayyana a taga, ta ɗaga mata hannu, sannan ta juya da sauri ta tsayar da motar haya.