Gurabun Gonar Gwaji

Sai a yunƙuri na uku Salamatu ta iya ɗora Inna, mahaifiyarta, kan amalanke. Tsohuwar ba ta da nauyi, amma tun da ɓarin jikinta na hagu ya shanye take ƙanƙame duk abin da hannun dama ya samu, yau kuma ƙyauren gida ta samu. Ta ce ba inda za ta, ba ta da kowa a hanyar Dungu. Salamatu ta ɓamɓare yatsun ɗaya bayan ɗaya, ta cusa mata matashi a baya, ta ce wa mai amalanke su tafi gonar gwajinta.

Ba wanda za ta bar wa ita. Yayanta Lawali yana Kano tun rani, an kuma rufe iyaka. Matarsa ta kwashi yara ta koma gidansu a Icirnawa, inda aka ce da sauran hatsi. Can Yamai, inda Salamatu ke koyarwa, izinin wata uku aka ba ta don aikin gona, ba don jinya ba. Saura kwana tara. A zamanin soja kuwa, ma'aikacin da bai koma bakin aiki ba a rediyo yake jin an sallame shi.

Irin gero huɗu take gwadawa, damina uku a jere, don a ga wanda ya fi jure fari. Bana ce ta uku. Idan babu ƙidayar bana, babu kundin daktora, farfesanta kuma ya rubuto daga Faransa cewa ba zai ƙara mata shekara ba. Kwana goma bayan shuka Inna ta faɗi a bakin murhu. Tun ranar, wata biyu ke nan, Salamatu ba ta taka gonar ba. Wanka, kunu, juyi, wanki, sai kuma wanka.

Gonakin hanya duk sun ƙone, gero iya gwiwa, ganye a naɗe. Tata ce kawai ta cika layi-layi, ba giɓi ko ɗaya.

Tanko mai gadin gonar ya taho yana murmushi. Ya durƙusa ya gaida Inna, ya yi mata sannu da jiki, sannan ya ba da labari. Bayan shuka ruwa ya ɗauke kwana goma sha takwas, fiye da rabin ramukan suka mutu. Masu wucewa kasuwa suka fara dariya, wai ga gonar masu ilimi kamar kan mai ƙora. Shi kuwa ba zai zauna a kunyata Malama tana fama da mara lafiya ba. Da aka samu yayyafi sai ya ɗebo nasa irin, gamoji, tiya guda da matarsa ta so dakawa, ya cike gurabun duka.

Salamatu ta tambaye shi ko ya sa alama a inda ya sake shukawa. Ya ce alamar me, ai don kada a gane ya yi.

"Baba Tanko, gurabun nan su na zo ƙirgawa."

"Malama, wa ke ƙirga abin da ya mutu?"

Mutum ya hana 'ya'yansa tuwo don ya rufa mata asiri, da wane baki za ta zage shi? Ta shiga gonar tana duba tushe-tushe. Fari ya daidaita su, duk gajeru, duk 'yan kawuna sirara. Da sun nuna, da ta raba su ta ƙwaya. Ba za su nuna cikin kwana tara ba. Ta tsaya tsakiyar rami ɗari takwas, kaye, littafin ƙidayarta, a hannu, ba ta san me za ta rubuta ba.

Daga kan amalanke Inna ta ce a matsar da ita, rana na dukanta. Aka jawo ta gindin aduwa a bakin layin farko. Ta ɗan yi kallo, bakinta a karkace, ta ce wannan na gabanta gamoji ne, na kusa da shi ma haka, na ukun ne baƙo.

Salamatu ta dawo da sauri ta tambaye ta yaya ta gane.

"Yaya kike gane ni a cikin mata?" in ji Inna. "Shekara shida a ƙasar Nasara, gero ma sai an nuna miki."

Salamatu ta gwada ta da wani layin da Tanko ya rantse bai taɓa ba. Inna ta ce duk baƙi ne. Ta sake gwada ta a inda ya tuna ya cike, nan ma ba ta kuskure ba.

Amalanke ba ya shiga tsakanin layuka. Salamatu ta tuɓe ɗankwali, ta nemi aron bargon Tanko, ta goya uwarta, ta miƙa wa Tanko kayen ya riƙe mata a buɗe. Suka fara. Inna na faɗa a kunnenta, tana rubutawa, tsakani kuma tsohuwar na ƙorafin ƙashin bayan 'yarta yana sukarta, da ta yi aure da ta yi nama.

A rami na talatin da ɗaya Inna ta ce fitsari take ji. Salamatu ta dubi sauran layukan har ƙarshen gona. Ta karya kara ta soka a ramin don alama, ta ce wa Tanko ya juya baya, gobe kuma ya zo da tabarma da buta.