Biyar da Ɗigo Huɗu

Tun da aka binne mijinta Obrad a ƙarshen sanyi, Milunka takan sauka gareji bayan gahawar safe, ta zauna a kujerar direba, ta murɗa makulli rabi kawai, yadda fitilun allon mota za su kawo ba tare da injin ya tashi ba. Sai lambar ta fito, 'yar mitsitsiya, koriya shar: biyar da ɗigo huɗu. Takan kalle ta kamar yadda ake kallon fuskar mai barci, sannan ta zare makulli ta koma sama.

Lita biyar da ɗigo huɗu ke nan a kowane kilomita ɗari, man da motar ta sha a hannun mijinta tun ranar sabuwar shekara, domin a ranar yake goge tsohuwar lamba ya fara sabuwa. A unguwarsu da ke garin Pirot babu wanda bai san wannan lamba ba, ko yana so ko ba ya so. Takardar kamfani ta ce irin motar, mai ƙofa huɗu da but ɗin da ke cinye buhunan barkono, lita biyar take sha. Amma kowa ya san takarda ba ta hawa tudu, ba ta kuma ɗaukar suruka da kayanta. Maƙwabcinsu Budimir yana da irinta sak, tasa bakwai take sha, wani lokaci har da ɗori. Obrad kuwa, tun da ya bar aiki a masana'antar taya, sai ya mai da tattalin mai sana'a.

"Ba laifin mota ba ne, ƙafa ce," haka yake ce wa Budimir ta kan katanga. "Kai totur kake takawa kamar ka ga kyankyaso. Ni kuwa ƙwai ne a ƙarƙashin takalmina."

Dokokinsa ba su da yawa, amma ba a ɗaga ƙafa a kansu. Ba gudu, ba birki sai dole, ba a kunna na'urar sanyaya mota ko da ƙarfe zai narke. Milunka ta ji wannan wa'azi har ta haddace, ita ma takan maimaita shi ga ƙawayenta da alfahari, ko da yake ba ta taɓa damuwa da sanin wane maɓalli ne na mene ba. Tana da lasin tun tana budurwa, amma kujerar gefe ta fi mata daɗi, inda take kallon gonaki tana ba shi labarin wanda ya mutu da wanda ya haihu.

Yanzu kayan sawarsa an kai coci an raba. Ƙanshinsa ya bar matashin kai. Abu ɗaya ne ya rage yadda ya bar shi, wato lambar, kuma ɗansu Nenad, da ke aiki a birnin Graz can ƙasar waje, shi ya sa mata tsoro a kansa ba da gangan ba.

"In na tuƙa ta, lambar za ta canja?" ta tambaye shi a waya.

"Dole mana, Mama. Kamar miya ce, duk ruwan da kika ƙara sai ɗanɗano ya motsa. Ki tuƙa abinki, mota ba ta son zama."

Daga ranar ba ta bari tayar motar ta motsa ba. Kasuwa da ƙafa, asibiti da bas.

Sai ga Asabar ɗin tunawa da mamata ta farkon zafi ta zo, ranar da kowa ke kai wa nasa kyandir da dafaffiyar alkama a kabari. Obrad yana kwance kusa da iyayensa a ƙauyensu, can saman dutse, inda bas ya daina zuwa tun da yaran ƙauyen suka ƙare. Budimir ya tafi nasa ƙauyen, amma ya ce in za ta jira shi zuwa la'asar zai kai ta a motar marigayin. Milunka ta dubi takalman Budimir, ta yi masa godiya ta ce za ta iya.

Kosara, yayar Obrad, ta iso da hantsi cikin baƙaƙen kaya, rungume da kwanon alkama da aka rufe da farin ƙyalle. Ta haura saba'in, tana da hawan jini da harshe mai kaifi, kuma shekara arba'in ke nan ba ta kiran matar ƙanenta da komai sai Amarya.

"Amarya, kin tabbata? Ni dai ziyara zan je, ba ƙaura ba."

"Shiga, Yaya. Ki ɗaura bel."

Motar ta mutu sau ɗaya a bakin gareji, ta sake mutuwa a gaban kantin burodi, sannan ƙafar Milunka ta tuna abin da ta koya. Suka fita gari a hankali, hannayenta biyu damƙe da sitiyari, ido ɗaya a hanya ɗaya a kan lambar. Ta ƙudura a ranta cewa za ta kai wa Obrad ita yadda ya bar ta, ta tsaya a kan kabarin ta ce masa: ga ta nan, ban taɓa maka ba. Motoci suka yi layi a bayanta suna danna hon. Wani mai tarakta ya wuce su, har ya ɗaga musu hula.

"Sannu ba ta hana zuwa," in ji Kosara, "amma a haka sai kyandiran nan sun narke tun ba a kunna su ba."

Gaskiya ta faɗa. Rana ta buɗe sosai, cikin motar ya zama kamar tanda. Milunka ta sauke gilashinta kaɗan, Kosara ta dafe wuya.

"Rufe. So kike iska ta ratsa ni? Haka mijin ƙawarki Zorka ya tafi, taga biyu a buɗe, kafin mako wuyansa ya sandare."

"Mijin Zorka barasa ce ta kashe shi, Yaya."

"Barasa ta fara, iska ta ƙarasa. Rufe."

Ta rufe. Dama Obrad ma yakan ce buɗaɗɗen gilashi yana jan mai.

Da suka bar kwalta mai kyau suka fara hawa, hanya ta zama kwana bayan kwana, dutse a dama, rami a hagu. Milunka ta sa giya ta biyu, injin ya soma gurnani, ita kuma tana satar kallon lambar, domin ko ita ta san wannan gurnani mai yake ci. Lambar dai tana nan. Zufa ta gangaro mata ta bayan kunne, baƙar rigarta ta manne da kujera. Ta kai hannu bakin 'yar tagar iska da ke gabanta, ta ji hucin da ke fitowa kamar numfashin mai zazzaɓi.

"Motar nan ta lalace," ta ce. "Zaman da ta yi ne. Sau nawa muka hau dutsen nan da Obrad a watan Agusta, ba ta taɓa yin zafi haka ba. Iska mai sanyi take kawowa ta nan, iskar dutse."

Kosara ta juyo ta kalle ta, ta daɗe tana kallo. Sai dariya ta kama ta, irin wadda ba ta da sauti, kwanon alkama yana rawa a cinyarta.

"Iskar dutse," ta ce. "Wayyo, Amarya. Rashin sani ya fi dare duhu."

"Me na faɗa?"

"Lafiyar motar ƙalau. Haka take kullum. Haka take in ya ɗauke ni zuwa asibiti, haka take in ya ɗauki limamin coci, har gemun bawan Allah ya jiƙe. Ke kaɗai ce ba ki san zafinta ba." Ta nuna wani maɓalli mai hoton ƙanƙara a ƙasan rediyo. "Kin ga wancan? Da babban yatsa yake danna shi, lokacin da kike neman bakin bel kina zuba. Ni ina baya ina gani."

"Obrad ba ya kunna wannan abu. Kowa ya sani."

"Kowa ya sani, i. Me kike tsammani ya sa duk tafiyar da za a yi sai na tambaya, Amarya za ta je? Kin zaci ƙaunarki ce ta dame ni?"

Wata kwana ta taso, Milunka ta sha ta da ƙyar.

"Ranar da aka sayo motar kika ce zafi yana sa miki ciwon kai," Kosara ta ci gaba, muryarta ta ɗan sauka. "Sau ɗaya kika faɗa, ina wurin. Shi ke nan. In ya kai ki wani wuri lambar ta hau, washegari mu za mu biya. Ya ɗauke ni mu yi ta rarrafe kamar masu rakiyar gawa, gilashi a rufe, ina dahuwa, har sai ta sauko. Da sanyi kuma, saukar da yake yi kafin ki gama shiri, wai zai duba iskar taya? Injin yake tayarwa ya bar shi yana ci a tsaye don ki tarar da kujera da ɗumi. Mutumin da in Budimir ya bar injin a kunne don ya sayi sigari sai ya yi kwana biyu ba ya gaishe shi."

"Me ya sa bai taɓa gaya mini ba?"

"Ya gaya miki ki kai wa Zorka, Zorka ta kai wa matar Budimir? Ina zai sa fuskarsa?"

Milunka ta so ta yi dariya, amma ta kasa. Kewarsa ta taso mata gaba ɗaya, fiye da ranar jana'iza, domin a ranar mutane sun yi yawa kuma akwai abinci da za a raba. Ta tuna yadda takan shiga motar da asuba ta ce, kai, Jamusawa ko su waye suka ƙera ta sun iya aiki, shi kuma ya gyaɗa kai kawai yana gyara madubi. Ta ji haushinsa ma, kaɗan. Shekaru tana yabon iskar dutse a gabansa, bai ko yi murmushi ba.

Da ta waiga, sai ta ga dariyar ta bar fuskar Kosara. Leɓunanta sun yi fari, ta jingina kai da gilashi, tana numfashi ta baki. Kwanon ya karkace, ƙyallen ya zame gefe.

"Yaya, kin sha maganinki?"

"Na sha. Kalli hanya."

Milunka ta ɗaga hannun dama daga sitiyari. Kosara ta riƙe mata wuyan hannu, tafinta jiƙe da gumi, riƙon ba ƙarfi.

"Kada ki kunna saboda ni. Nenad ya gaya mini abin da kike gadi a gareji. Na saba, ƙanena ya horar da ni. Saura kaɗan mu kai."

Ashe Kosara ta sani. Ta sani tun da ta shigo motar, ta zauna tana dahuwa ba ta roƙa ba, wannan tsohuwa da ba ta taɓa barin gishirin miya ya wuce ba ta yi magana ba. Milunka ta dubi lambar. Tana nan yadda ƙafar Obrad ta bar ta, kuma sauran hanyar bai fi a hango hasumiyar cocin ƙauyen ba. Da za ta daure, da ta kai masa ita.

Ta zare hannunta a hankali, ta danna maɓallin da babban yatsa.

Wata 'yar fitila ta kawo. Injin ya ɗan yi nishi, hucin ya ci gaba da fitowa na ɗan lokaci, sannan ya fara sauyawa. Sanyin ya sauka a wuyan hannunta, ya hau zuwa fuskarta, ta gane shi nan take. Shi ne dai, wanda ta sani a duk tafiyarsu, har da ɗan warin ƙura da ke zuwa da farko.

"Juya mini shi ƙasa," in ji Kosara, idonta a rufe. "Ban da wuya."

Kafin su sha kwanar hanya biyu launi ya fara dawowa fuskar tsohuwar. A ta uku, daidai inda hanya ta fi tsayuwa, lambar ta ƙifta. Biyar da ɗigo biyar. Milunka ta gani da idonta, ta ji kamar an zare mata wani abu daga ƙirji, hawaye suka zubo ba ta share ba saboda hannayenta duka suna aiki. Ba ta ɗaga ƙafa daga totur ba. Kosara ma ta gani, ta gyara ƙyallen kwanon, ta yi shiru, abin da ba halinta ba.

Maƙabartar tana bayan coci, a kan gangare. Mutane sun riga su, tsofaffi galibi, suna tsugune suna cire ciyawa, hayaƙin kyandir yana tashi a rana. Daga bakin ƙofa ana hango kabarin Obrad, ƙasarsa ba ta gama kwanciya ba, gicciyen katakon bai yi baƙi ba tukuna. Milunka ta tsaya a inuwar katanga, ta ja birkin hannu. Ta kai hannu kan makulli, sai ta bar shi a nan.

Kosara ta jira. Ta tattara kyandirori da kwalbar barasar da za a zuba masa, ta sake jira.

"Amarya, mun iso. Kashe mana, mai yana ƙonewa."

"Na sani, Yaya." Milunka ta jingina da kujera, ta juya fuskarta wajen da iskar ke fitowa, ta lumshe ido. "Bari ya ɗan ƙone."

Kosara ta dubi kabarin ƙanenta ta cikin gilashi, ta dubi matarsa. Ta ajiye kyandirorin a kan kwano, ita ma ta jingina.